Dattawa da Baƙi: Rayuwar Ikilisiya a Ƙarshen Layin Dogo



1. Gabatarwa

Batun da zan yi magana a kansa yau batu ne wanda ba a saba jin malamin Hausa ya tsoma baki a cikinsa ba, watau rayuwar ikilisiyar Kirista a arewacin Zamfara, musamman a Ƙaura Namoda da ƙasashen Shinkafi da Zurmi da ke maƙwabtaka da ita. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan biri da gada? Amsar kuwa ita ce, duk inda ake shawara da Hausa, ake sasanta ma'aurata da ita, ake yi wa mamaci addu'a da ita, to nan fagen malamin Hausa ne, ko da masu yin maganar ba Hausawa ba ne, ko da kuma addininsu ya bambanta da na mafi yawan mutanen garin.

Ba wa'azi na zo yi ba, ba kuma muhawara a kan aƙida ba. Waɗannan suna da masu su. Abin da nake so mu duba shi ne wani tsari na tafiyar da jama'a wanda ake kira tsarin Firesbiteriya, watau mulkin dattawa. Za mu ga inda ya samo asali, da yadda ya iso ƙasarmu, da yadda ya taimaki 'yan tsirarun baƙi suka zama jama'a guda a garin da ba nasu ba. Sa'an nan za mu auna da'awar da irin waɗannan ikilisiyoyi ke yi, cewa ƙofarsu a buɗe take ga kowa, mu ga inda ta tabbata da inda ta cije. Daga ƙarshe zan faɗi abin da nake gani ya rataya a wuyanmu, mu masu masauki, a wannan lokaci da tsoro ya hana mutane bin hanyoyin da kakanninsu suka bi da jakuna.

2. Asalin kalmar da asalin tsarin

Kalmar Firesbiteriya ta fito ne daga Girkanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. A wannan harshe akwai kalmar da ke nufin wanda ya girmi saura, watau dattijo, kuma da ita aka kira mutanen da aka riƙa naɗawa su kula da masu bi a kowane gari tun farkon addinin Kirista. Saboda haka in za mu fassara sunan da Hausa tsantsa, sai mu ce ikilisiyar dattawa.

Kiristocin duniya suna tafiyar da al'amuransu ta hanyoyi uku. Akwai masu ɗora iko a hannun bishop, kamar Katolika da Angilika. Akwai waɗanda kowace majami'a ke cin gashin kanta, kamar Baftis. Sa'an nan akwai masu bin tsarin dattawa, wanda ya tsaya a tsakanin biyun. A wannan tsari jama'ar majami'a su ke zaɓen dattawa daga cikinsu, manomi ne ko akawu ko tela, su zauna tare da fasto su zama majalisa. Fasto shi ke shugabantar zama, amma ba shi da ikon yanke hukunci shi kaɗai. Majami'u da ke yanki ɗaya sukan aika wakilai zuwa majalisar gunduma, gundumomi kuma su aika zuwa babban taro na ƙasa, wanda shugabansa zaɓaɓɓe ne mai wa'adi. Wanda bai gamsu da hukuncin ƙaramar majalisa ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa ta gaba.

Wanda ya fara kafa wannan tsari a zamanin gyaran addinin Kirista a Turai shi ne John Calvin, a birnin Jeneba, cikin shekarar 1541, inda ya haɗa fastoci da dattawa 12 daga cikin mutanen gari suna zama mako mako. Almajirinsa John Knox ya kai tsarin ƙasar Sikotlan, wadda ta karɓe shi cikin 1560. Dalilin da ya sa suka ƙi barin iko a hannun mutum ɗaya yana cikin aƙidarsu: sun gaskata cewa zuciyar ɗan Adam mai karkata ce, ko da ta malami ce, don haka tilas a sa masa abokan shawara masu iya ce masa a'a. Musulmin da ke cikin wannan ɗaki ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin ya san matsayin shura a addininsa.

3. Daga Kalaba zuwa Arewa

Wannan ikilisiya ta shigo ƙasar da yanzu ake kira Nijeriya ta bakin teku, cikin watan Afrilu na 1846, sa'ad da Hope Waddell ya sauka a Kalaba bisa gayyatar sarakunan Efik. Abin lura shi ne daga tsibirin Jamaika ya taso, kuma cikin ayarinsa akwai baƙaƙen fata, zuriyar bayin da aka kwashe daga Afirka, waɗanda ba su daɗe da samun 'yanci ba. Ashe ke nan tun ranar farko aikin bai zama na Turawa su kaɗai ba.

Tarihin wannan ikilisiya a Gabas tarihi ne na tattara waɗanda jama'a ta yar. Mary Slessor, wadda ta taso tana aiki a masaƙa a garin Dundee, ta iso Kalaba cikin 1876, ta zauna a ƙasar har ta rasu cikin 1915, tana tsintar tagwayen da al'ada ta sa ake jefarwa, tana kuma ba uwayensu mafaka. Cikin 1928 aka kafa mazaunin kutare a Itu, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka. Daga makarantunta Dokta Akanu Ibiam ya fito, likitan mishan kuma dattijon ikilisiya, wanda ya zama Gwamnan Jihar Gabas cikin 1960. A wannan shekara ce kuma ikilisiyar ta ɗauki sunan Ikilisiyar Firesbiteriya ta Nijeriya. Cikin 1982 ta naɗa mace ta farko a matsayin fasto, Mgbeke George Okore. Mabiyanta, mutanen Kalaba da Ohafia da Afikpo da Arochukwu, sun biyo aikin jirgi da na gwamnati da kasuwanci zuwa Arewa, sun kafa majami'unsu a manyan birane irin su Kaduna da Kano da Jos.

Amma a tsohon Lardin Sakkwato, wanda Zamfara ke cikinsa, tsarin dattawa ya fi shigowa ne ta wata ƙofa dabam, watau ta hannun ƙungiyar mishan ta SIM, wadda mutanenta uku na farko suka sauka Ikko cikin 1893. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a ƙasashen sarakunan Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato cikin 1903 cewa ba za a taɓa addini ba. Sai cikin shekarun 1930 aka sassauta, kuma ta hanyar kuturta aka sassauta: hukumomin En'e suka danƙa wa SIM kula da mazaunan kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Ikilisiyar da ta fito daga wannan aiki ita ce ECWA, wadda ta tsaya da ƙafafunta cikin 1954, hedkwatarta kuma tana Jos. Ba ta ɗauki sunan Firesbiteriya ba, domin 'yan mishan ɗin SIM daga ɗariƙu iri iri suka fito, amma ginin mulkinta na dattawa ne: majalisar dattawa a kowace majami'a, majalisar gunduma a bisanta, babbar majalisa a can ƙoli. Haka yake a da yawa daga cikin ikilisiyoyin da ke cikin tarayyar TEKAN. Don haka in na ce ikilisiyar dattawa a sauran wannan lacca, duk waɗannan nake nufi.

4. Yadda baƙi suka iso Ƙaura Namoda

Ƙaura Namoda ta ci sunan Namoda, jarumin Alibawa, dangin Fulanin da ke riƙe da sarautar Zurmi, wanda yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, cikin 1808. Gari ne na Musulmi tun kafuwarsa, kamar yadda Zurmi da Shinkafi suke. Abin da ya sauya fuskarsa shi ne layin dogo da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Ƙaura cikin 1929. Turawa sun shimfiɗa shi ne domin gyaɗa da auduga da fatu da dabbobi. Garin da jirgi ya ƙare a cikinsa kuwa, shi ne bakin rijiyar duk ƙasar da ke bayansa. Hanya ɗaya ta miƙe arewa ta Moriki zuwa Shinkafi, mai babbar kasuwar Alhamis, ta wuce Isa da Sabon Birni. Wata ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya da Katsina. A wancan zamani kayan duk waɗannan wurare, har da na ƙetaren iyaka, a tashar Ƙaura ake auna su.

Jirgi bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da direbobi da masu gyaran layi da akawunan tasha, da ma'aikatan gidan waya, da masu awon gyaɗa na kamfanonin Turawa, da 'yan tireda. Mafi yawansu Ibo ne da Yarbawa da mutanen kudancin Zariya da Filato da Binuwai, kuma da yawa daga cikinsu Kirista ne. Mu tsaya mu yi tunanin halin irin wannan mutum. Ya baro danginsa a nisan kwana biyu ko uku a jirgi. In matarsa ta haihu ba gwaggo, in ya kwanta ciwo ba ƙane, in ya mutu ba mai sanin inda za a kai gawarsa. Fasto kuwa yana can Gusau ko Zariya, sai an yi watanni kafin a gan shi.

A nan ne amfanin tsarin dattawa ya fito fili. Ikilisiyar da ba ta iya motsi sai da limaminta, in limami ya yi nisa sai ta tsaya cik. Wadda ta saba da mulkin dattawa kuwa, mutum goma na iya taruwa a ɗakin wani akawu ran Lahadi, su zaɓi biyu ko uku daga cikinsu, ɗaya ya karanta littafi, ɗaya ya riƙe kuɗi, ɗaya ya rubuta abin da aka zartar. Yawancin majami'un garuruwan jirgi a Arewa haka suka faro, daga ɗaki zuwa rumfa, daga rumfa zuwa ginin ƙasa mai rufin kwano.

Wannan jama'a ta sha jarrabawa. Cikin 1966, sa'ad da aka yi kashe-kashen da suka auka wa Ibo a garuruwan Arewa, har da Gusau, jiragen da suka kawo mutane su suka kwashe waɗanda suka tsira. Bayan yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970 da yawa suka komo, kuma a garuruwa da dama na Arewa sun tarar maƙwabtansu Musulmi sun riƙe musu gidajensu amana, wasu har da kuɗin hayar da aka tara. Daga baya shirin yi wa ƙasa hidima, wanda aka kafa cikin 1973, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka buɗe a Ƙaura Namoda cikin 1983, suka kawo sababbin baƙi: matasa masu digiri, da malamai, da ɗalibai daga kowace kusurwa ta Nijeriya.

5. Hausa a bakin ikilisiya

To, da wane harshe Bakaje da Ba'angashe da Batibi da Bamaguje za su yi addu'a tare? Da Hausa. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi jan hankalina, kuma ina roƙon ɗaliban harshe su kasa kunne.

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932, bayan aikin shekaru da yawa wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. Masu fassara sun tarar da harshen da Musulunci ya riga ya jiƙa shi da kalmomin Larabci ɗaruruwan shekaru, don haka da wuya su faɗi wani abu game da Ubangiji ba tare da sun ɗebo daga wannan rijiya ba. Ku duba kalmar majami'a. Saiwarta ɗaya da ta jama'a, da Juma'a, da jam'i, da jam'iyya, da kuma jami'a, wannan wuri da muke zaune a cikinsa yanzu. Dukansu daga tushen Larabci mai ma'anar tarawa suka tsiro. Taron ibada na Lahadi sunansa sujada, ko da yake ba a kai goshi ƙasa. Saƙon da ake shela sunansa bishara, 'yar'uwar albishir ɗin nan da mukan amsa da goro. Kashi ɗaya cikin goma da mai bi ke fitarwa daga samunsa sunansa zakka. Akwai addu'a, da wa'azi, da tuba, da gafara, da alheri, da annabawa, da mala'iku. Fassarar 1932 ta ce Yesu Kristi, amma sabuwar fassarar da ta fito cikin 1979 ta ce Yesu Almasihu, watau ta ƙara matsowa kusa da kunnen Bahaushe.

Wasu kalmomin kuwa daga cikin gidan Bahaushe aka ɗauko su. Abincin da masu bi ke ci tare don tunawa da Almasihu an kira shi Jibin Ubangiji, da tsohuwar kalmar nan jibi wadda yaran yanzu ba su cika sani ba. Kyautar da ake sakawa a faranti sunanta baiko. Ƙungiyar mata sunanta Zumuntar Mata, daga zumu, watau ɗan'uwa na jini. Ku lura da nauyin wannan zaɓi: matan da ba su haɗa kaka ba, ba su haɗa harshen uwa ba, sun kira abin da ke tsakaninsu da sunan da Bahaushe ya keɓe wa dangi.

Sai kalmar dattijo ita kanta, wadda Hausa ta aro daga Fillanci. A Girkanci tsufa kawai take nunawa a asalinta. A Hausa kuwa ta haifi dattako, wanda ba furfura ke kawo shi ba. Mukan ce wane yaro ne amma yana da dattako, mukan kuma ce wane ya tsufa bai yi dattako ba. Cikin 1973 Anthony Kirk-Greene ya gabatar da wata shahararriyar lacca a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Duk ikilisiyar da ta kira shugabanta dattijo da harshen Hausa, ta ɗora masa wannan kaya duka, ko ta sani ko ba ta sani ba. Jama'arta za su auna shi da mudun da ake auna mai unguwa da limamin gari.

6. Zaman yau da kullum

Manufar da irin wannan ikilisiya ke faɗa wa kanta ita ce ta yi sujada, ta koyar da 'ya'yanta, ta yi shelar bishara, ta kuma yi wa mabukata hidima. Amma manufa a takarda take. A cikin mako ake ganin gaskiyarta.

Ran Lahadi akan fara da karatun yara da na manya, sa'an nan sujada. A tsakiyarta akwai lokacin sanarwa, inda magatakarda zai ce duk wanda yau ne farkon zuwansa ya miƙe. Baƙo zai faɗi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi, a yi masa maraba. Kada ku raina wannan 'yar al'ada. Ga ɗan hidimar ƙasa da aka turo wata makaranta a ƙasar Zurmi, wanda bai san kowa ba, daga wannan miƙewa yakan sami ɗakin kwana da wanda zai nuna masa motar da zai shiga.

Ƙashin bayan jama'ar kuwa mata ne. Zumuntar Mata suna da ranar taronsu, da zanensu iri ɗaya, da waƙoƙinsu na Hausa waɗanda suke rerawa da kiɗan tulu da kacau-kacau. Su ke zuwa barka, su ke wa mai jego hidima, su ke kwana a asibiti, su ke dafa abincin zaman makoki, su ke adashi a tsakaninsu. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, su kuwa sun riƙe wannan magana da gaske. In wani ya rasu, karo-karo ake yi a ɗauki mota a kai gawa garinsu, ko da Kafancan ne ko Umuahiya.

Dattawa kuma aikinsu ya fi yawa a bayan fage. Su ke sauraron miji da mata in sun saɓa, su ke bin bashin da ya shiga tsakanin masu bi kafin ya kai gaban alƙali. Wanda ya yi babban laifi sukan sa shi a horo, watau a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji har ya nuna tuba, sa'an nan a komo da shi a gaban jama'a. Ana ƙirga baiko a gaban shaidu, ma'aji kuma yakan karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa yana ji, kowa yana da ikon tambaya. Ina so ma'aikatan da ke nan su riƙe wannan. Ga jama'ar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma ta ɗauka cewa wanda ya ba da naira hamsin yana da hakkin ya ji inda ta tafi. Ƙananan hukumominmu nawa ne ke yi wa talakawansu haka?

7. Inda ƙofar ke cijewa

Lacca ba kirari ba ce, don haka tilas mu faɗi inda aka gaza. Da farko akwai ƙabilanci. Sa'ad da baƙi ke 'yan kaɗan, rumfa ɗaya ta ishe su. Da suka yi yawa sai kowa ya nemi nasa: wannan majami'ar Ibo ce, waccan ta Yarbawa. Ko a cikin ɗariƙa ɗaya akan sami sashen Turanci da sashen Hausa, kuma sau da yawa rabuwar ba ta harshe kaɗai ba ce, ta aljihu ce, ma'aikata a nan, leburori da manoma a can. A lokacin zaɓen dattawa kuma ba abin mamaki ba ne a ga ana ƙirga kawuna bisa ga gari da yare.

Na biyu, matsayin mata. Mun ga Firesbiteriya ta Nijeriya ta naɗa mace fasto tun 1982, amma ECWA ba ta naɗa mata. Ga su su ne mafi yawa a kan benci, su ne masu ɗaukar wahala, amma in an shiga ɗakin yanke shawara sai a bar su a waje.

Na uku, waɗanda al'ada ta ƙyama. Majalisar Jihar Gabas ta soke bambancin da ake nuna wa zuriyar Osu tun 1956, amma har yanzu maganar takan taso in an zo aure tsakanin Kiristoci biyu. Haka kuma wanda ya warke daga kuturta, ko da an zauna benci ɗaya da shi, ba kowa ke ba ɗansa 'ya ba.

Na huɗu, Bahaushe Kirista. Wannan mutum yana tsaka mai wuya. A gari ana yi masa kallon wanda ya bar gida, a majami'a kuma wani lokaci ɗan kudu yakan yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Alhali kuwa harshensa ne ake sujada da shi, kuma ƙasar kakanninsa ce ake tsaye a kanta.

8. Hakkin mai masauki

Yanzu bari in juyo gare mu. Ƙofar ikilisiya ba ta iya zama a buɗe sai in ƙofar gari a buɗe take. Tarihin Musulunci ya san wannan al'amari ta fuska biyu: Musulmin farko sun sami mafaka a wurin Najjashi, sarkin Habasha, wanda Kirista ne a lokacin, daga baya kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina, aka yi yarjejeniya da su. A ƙasarmu kuma an daɗe ana aika wa maƙwabci naman layya, shi kuma ya aiko da shinkafar Kirsimeti.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara cikin 1996. Cikin Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki cikin Janairu 2000. Gwamnati ta ce Musulmi kaɗai ta shafa, Kiristoci kuwa suka nuna fargaba. Abin godiya ne cewa Zamfara ba ta ga irin zubar da jinin da aka yi a Kaduna cikin Fabrairu 2000 ba. Duk da haka shugabannin Kirista sun daɗe suna kukan wahalar samun fili da takardar izinin gina majami'a, kuma cikin Agusta 2016 mutum 8 suka hallaka a Talatar Mafara bayan wani zargi na ɓatanci. Ba a gyara abin da aka ƙi ambata.

Babbar masifar da ta rufe kowa ita ce ta 'yan bindiga, wadda ta fara tsananta tun wajen 2011, kuma ƙasashen Zurmi da Shinkafi suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana ta. Mafi yawan waɗanda aka kashe, aka sace, aka kora daga gonakinsu, Musulmi ne, manoma da makiyaya. Cikin Satumba 2021 har aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Ga ƙaramar ikilisiya, illar ita ce zurarewa. Ɗan tireda yakan kwashe kayansa, malamar asibiti ta nemi canjin wurin aiki, ɗan hidimar ƙasa ya roƙi a sauya masa jiha. Jirgin da ya kawo kakanninsu ya daɗe da barin zama abin dogaro. Ranar da benci ya zama wayam, ba Kirista kaɗai ya yi hasara ba: garin ya rasa makaniki, da mai kemis, da malamin lissafi, ya kuma rasa wani abu da ya fi waɗannan, watau sabo da zama da wanda ba irinka ba. Yaron da ya tashi bai taɓa cin abinci a gidan wanda ya saɓa masa a addini ba, komi aka faɗa masa game da shi zai yarda.

Ku ma'aikata, a teburinku wannan magana take ƙarewa. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 38, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda addininsa ko asalinsa. Amma sashe ba ya sa hannu a takardar fili, ba ya ba da gurbin makaranta, ba ya tura ɗan sanda ƙofar majami'a ko masallaci. Mutum ke yi, kuma mutumin nan ku ne. Wanda aka haifa a Ƙaura, aka haifi ubansa a Ƙaura, ba ya jin wani harshe kamar yadda yake jin Hausa, har yaushe za mu ci gaba da kiransa baƙo?

9. Kammalawa

Mun ga yadda wani tsari da aka ƙera a Jeneba ya bi ta Sikotlan da Jamaika da Kalaba, wani reshensa kuma ya bi ta mazaunan kutare, har ya iso ƙarshen layin dogo, ya sami harshen Hausa ya shiga cikinsa ya zauna. Ƙarfinsa shi ne ya raba iko tsakanin mutane da yawa, ya kuma tilasta wa mai riƙe da amana ya yi bayani. Rauninsa shi ne raunin kowace jama'a: takan buɗe ƙofa sa'ad da take ƙarama, ta fara tantance masu shiga in ta yi ƙarfi. Ina kira ga ɗalibanmu su je su naɗi waƙoƙin Zumuntar Mata, su karanta tsofaffin littattafan da magatakardan majami'u suka rubuta da Hausa, su zauna da tsofaffin ma'aikatan jirgi tun suna da rai, domin wannan ma tarihin Hausa ne, kuma tarihin Zamfara ne.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mai da manoma gonakinsu, ya cika kasuwar Shinkafi kamar da, ya ba mu shugabanni masu dattako.